Gwaggo Turai da Watan da Ya Tsaya a Maris

Ina fara neman afuwar manyan da suka fi ni kusanci da marigayiya, suka kuma fi ni iya rubutu. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba, kuma na san a gidanmu yarinya ba ta sa baki a inda iyaye suke magana. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagawa. Malamata ta Islamiyya, Malama Hadijatu, ita na roƙa ta tura ta zauren WhatsApp na gamayyar manoman da marigayiya ta yi wa aiki, da na danginmu. Mahaifina bai san na rubuta ba. In an ga rashin kunya a ciki, ni kaɗai za a kama.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 5 ga Mayu 2025, wadda ta zo daidai da 7 ga Zulƙida 1446, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanwar mahaifina, Malama Turai, a asibiti a Katsina, bayan jinyar kwana uku. Ta rasu tana da shekara talatin da takwas. Ita ce akantar gamayyar ƙungiyoyin manoma da ke da ofis a Kankia, da rassa tara, har da na Kusada da Kaikai da Bauranya da Boko. An yi jana'izarta bayan la'asar a Kankia. Ta bar mijinta, Malam Basiru, da 'ya'ya biyu, Ilham da Nasiruddeen.

Gwaggo, ina cikin aji aka zo aka ce in ɗauko jakata. Ba wanda ya gaya mani komai har muka iso gida. Takalman da na gani jibge a ƙofar ɗakinki su suka gaya mani.

Ina da shekara goma sha biyu kika zo Kusada kika ce wa Babana ya ba ki ni, in yi sakandare a wurinki. Sati biyu na yi ina kukan gida. Ba ki taɓa yi mani faɗa a kai ba. Kin dai sa ni tsince shinkafa kusa da ke, kina ba ni labarin yadda Babana ya faɗo daga jaki yana yaro ya ce jakin ne ya fara. Ke kaɗai ce kike kirana Sadiya. Ranar da na ci sifili a gwajin lissafi na ɓoye takardar cikin murfin filo, kika gano ta wajen wanki, kika shanya ta a igiya tare da kaya, kika sa mata abin matse shanya. Da na dawo na gan ta tana kaɗawa a tsakar gida, kika ce, “Na ga ta jiƙe ne, kuma mai irin wannan maki ai ba ya son takardarsa ta lalace.” Daga ranar kika riƙa zama da ni kowace Asabar da safe, har lissafi ya zama darasin da na fi so.

Mutanen rassa sun san halinki fiye da ni. Akwai Iya Tani ta Bauranya, tsohuwar da ba ta karatun boko, wadda ba ta yarda da abin da sakataren reshensu ya gaya mata sai ta ji daga bakinki. Takan zo har gida, ki shimfiɗa mata tabarma, ki nemo layinta a cikin lissafin reshensu ki karanta mata da ƙarfi, buhu nawa ta ajiye a sito, nawa ta fitar. Wani lokaci sai ta ce ki sake. Ki sake. Ban taɓa ganin kin duba agogo tana zaune ba.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba, Gwaggo. Na ɗauka ne saboda abin da ake faɗa a kan aikinki tun da kika tafi, kuma dole sai na bayyana aikin kafin a gane abin da yake ci mani rai.

Kowane reshe cikin taran nan yana da fayil ɗinsa na lissafi a kwamfuta, irin na Excel. Kowane fayil yana da shafi huɗu: abin da ya shigo, abin da ya fita, kayan sito, da taƙaitawa. Kafin goma ga kowane wata, sai an buga rahoton watan da ya wuce na kowane reshe an kai wa hukumar da ke tallafa wa gamayya da taki da iri. A da, duk ƙarshen wata sai ki buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, ki goge sunan tsohon wata ki rubuta sabo, ki canja ranar farko da ranar ƙarshe, ki ɗauko abin da ya rage a watan jiya ki kai shi farkon sabon. Kin taɓa ƙirga mani: wuri bakwai a kowane fayil, wuri sittin da uku ke nan. Kwana uku kike yi a kai, in wuta ta zauna. In ta ɗauke, huɗu.

A shekarar 2022 kika tsallake wuri ɗaya. Rahoton Bauranya ya tafi, samansa yana cewa Afrilu, shafinsa na uku yana cewa Maris. Aka dawo da shi. Kafin a gyara a mayar, an rufe jerin waɗanda za su karɓi taki a zubin farko, mutanen Bauranya ba su samu ba sai da gero ya kai gwiwa. Iya Tani ta zo, ba ta ko zauna ba. Ta ce, “Turai, mi munka yi maki? Kowa ya zuba taki, mu muna kallon gona.” Ba ki kare kanki ba. Kin ce, “Laifina ne, Iya, ki yafe mani.” Ranar ba ki ci tuwo ba.

Sati biyu bayan haka kika sayar da tumakinki biyu da ke kiwo a Kusada, kika cika da abin da ke hannunki, kika sayo laftof na hannu daga Katsina. Wata shida kina koyo a waya. Kina kallon bidiyo, ki tsayar, ki gwada, ki koma baya. Akwai wani mai koyarwa da yake magana da sauri, kullum sai kin ce, “Wannan bawan Allah korarsa ake yi ne?” Ina zaune gefenki da littafina, ina jin ki kina faɗa da kwamfuta kamar yadda kike faɗa da Nasiruddeen in ya ƙi wanka.

Abin da kika gina shi ne fayil na goma. Kika sa masa suna Uwa. A cikinsa akwai gurbi guda ɗaya da kika yi wa launin rawaya. A nan kaɗai ake rubuta ranar ɗaya ga watan da ake son rahotonsa. Sauran fayil tara, a duk wuraren nan sittin da uku, kin cire rubutun hannu kin sa fomula, wato umarnin da yake gaya wa gurbi inda zai je ya ɗauko amsa. Sunan wata daga Uwa yake zuwa. Ranar farko da ta ƙarshe daga Uwa. Jimla kuma tana ɗaukar abin da ya faɗo tsakanin ranakun nan biyu kaɗai, ta bar sauran. Ranar farko da kika bar ni na rubuta da hannuna, na buɗe na Kaikai na ga ya koma Satumba, na buɗe na Boko shi ma haka, sai na ja kujerata baya. Kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce, “Ba aljanu ba ne, Sadiya. Kowanne na gaya masa gidan da zai je ya yi tambaya.” Aikin kwana uku ya koma aikin da ake gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa. Daga nan har kika koma ga Allah, ba a sake dawo da rahoton reshe ko ɗaya ba.

Uwa da 'ya'yanta tara suna cikin laftof ɗinki. In kin gama, sai ki kwafe taran a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ki kai kwamfutar ofis a buga. Uwa ba ki taɓa sa ta a kwamfutar ofis ba, saboda kowa yana zama a kanta, ana sa mata kowane irin filas, kina tsoron wani ya goge ta bisa kuskure.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshe da kika yi da ƙafarki, kin gama shigar da bayanan Afrilu na dukkan rassa. Ina wurin. Kika ce kanki yana sara, ranar Litinin za ki canja wata ki kai ofis. Ranar Juma'a aka tafi da ke asibiti.

Bayan addu'ar uku, Malam Basiru da kansa ya nemi a zo a rubuta kayanki gaban shaidu, don kada gobe wani ya ce an taɓa haƙƙin yara. Yayanku, Baba Badaru, wanda shi ne babba a gidanmu, ya zo daga Kusada da mutum biyu. Aka rubuta komai, daga gado da katifa har cokula. Laftof ɗin ma aka rubuta, tunda da kuɗinki kika saya. Aka zuba su a ɗakinki, aka sa kwaɗo, Baba Badaru ya tafi da makulli. Ya ce ba za a buɗe ba sai bayan arba'in, in malamin da zai raba gado ya zo. Ban ga laifin kowa a nan ba. Haka ake yi, kuma don Ilham da Nasiruddeen aka yi.

Sai dai a ofis, abin da ke kan kwamfutarsu shi ne fayil taran da kika kai a farkon Afrilu, kuma dukkansu suna kan Maris. Sakataren gamayya, Malam Ummaru, ya tattaro littattafan rassa ya zauna yana shigar da bayanan Afrilu daga farko. Ya gama, rahoto ya ƙi nuna su, don fayilolin suna neman Uwa su tambaye ta wata, ba su same ta ba, suka tsaya a kan abin da ta gaya masu na ƙarshe. Sai ya bi saman shafuka yana goge Maris yana rubuta Afrilu da hannu. Duk inda ya rubuta, fomular da ke wurin ta mutu. Sunan wata ya canja, jimla tana nan ta Maris. Aka kai, aka dawo da shi. Ya ɗauko kalkuleta ya gyara wasu jimlolin da hannu, wasu suka kuɓuce masa. Aka sake kaiwa, aka sake dawowa da shi. Suka ɗauko wani mai shagon kwamfuta, ya duba, ya ce cuta ce ta shiga fayilolin, ya karɓi kuɗin aikinsa ya tafi.

Ni kuma ina kwana taku uku daga ƙofar da aka kulle. Kullum da safe in zan tafi makaranta sai na wuce ta. Na san inda laftof ɗin yake, yana cikin jakarsa baƙa a kan akwatinki. Na san duk abin da suke nema yana ciki, an riga an shigar, ranar wata ɗaya kawai ya rage a rubuta. Ban san yadda zan kwatanta wa mutum wannan ba. Wani lokaci sai in ga na tsaya ina kallon kwaɗon har Ilham ta ja mani hijabi.

A sati na biyu Malam Ummaru ya zo yi wa Malam Basiru gaisuwa tare da shugaban gamayya, Alhaji Manu. Aka aike ni da ruwa zaure. Ina durƙushe ina ajiye kofuna na ji Malam Ummaru yana cewa, “Allah Ya jiƙan Turai, mutuniyar kirki ce, amma gaskiya ta ɗaure mu. Ta yi aikin nan yadda ba wanda zai iya sai ita.” Alhaji Manu ya ce, “To ai ka ji illar barin abu hannun mutum ɗaya. Kowa yana son a ce ba a yi sai da shi.” Malam Basiru ya sunkuyar da kai. Ni kuma na ɗauki tire na fita. Gwaggo, na fita ban ce komai ba.

Daga nan maganar ta bazu. A makaranta wata 'yar ajinmu, wadda babanta yake reshen Boko, ta tambaye ni wai da gaske ne kin sa wa fayilolin lambar sirri don kada a gano wani abu. Wani abu kamar me? Ba ta faɗa ba. Na kusa marin ta, ni da ban taɓa faɗa da kowa ba.

Na yi ƙoƙarin faɗin inda Uwa take sau biyu, kuma duka biyun ban iya ba.

Na farko, na je ofis bayan an tashi daga makaranta. Malam Ummaru yana gaban kwamfuta, takardu sun cika tebur, idanunsa sun yi ja. Ya ce, “A'a, ɗiyar Turai ce? Ya haƙuri?” Na ce da godiya. Na ce, “Malam, akwai fayil guda da ba ya nan, shi ne yake canja wata.” A zuciyata da ƙarfi na faɗa, amma ina jin ko rabinsa bai fito ba. Ya ce, “Yarinya, wanda sana'arsa ke nan ma ya duba ya ce cuta ce. Je ki yi karatunki, Allah Ya yi maki albarka.” Ya ciro naira ɗari biyu ya ba ni in hau mashin. Na karɓa. Har yanzu ina jin haushin hannuna da ya karɓa.

Na biyu ya fi ciwo. Ranar Lahadi na shiga mota na tafi Kusada, na sami Baba Badaru a ƙofar gida yana gyaran galma. Na durƙusa na gaishe shi. Duk abin da na shirya a mota ya gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Baba, dama laftof ɗin Gwaggo ne...” Ya ajiye galmar ya dube ni. Ya ce, “Halimatu, ko arba'in ba a yi ba? Ke da ta riƙe kamar ita ta haife ki? Kayan marayu ne, ko allura ba mai ɗauka.” Ya ɗauka ni nake so. Kuka ya ƙwace mani, shi kuma ya ɗauka kukan kunya ne. Ya ce in tashi in shiga ciki, ya yafe mani, ba zai gaya wa Babana ba. Na dawo Kankia da laifin da ban yi ba, wanda na yi kuma ba wanda ya sani.

Malama Hadijatu ce ta ga ina ramewa ta tsare ni bayan darasi. Ita ce mutum na farko da ta saurare ni har na kai ƙarshe. Na tambaye ta ko kwafe fayil daga cikin laftof ɗin taɓa gado ne. Ta ce a iya saninta, laftof ɗin gado ne, amma aikin gamayya da ke cikinsa amana ce a hannun marigayiya, amana kuma masu ita ake mayar wa, ba a raba ta, ba ta kuma jiran ranar rabo. Ta ce kada a tsaya a kan maganarta, a tambayi malamin da zai raba gadon. Sannan ta ce, “Tunda bakinki ya ƙi, hannunki fa?”

Yanzu na ji cewa ranar Asabar mai zuwa, 31 ga Mayu, kwamitin gamayya zai zauna. Za su yanke shawarar goge fayil taran a koma rubuta komai da hannu, wuri sittin da uku kowane wata, kamar yadda ake yi kafin abin da ya sami Bauranya. Kuma za a rubuta a littafin taro cewa tsohuwar akanta ta bar aiki a yanayin da ba wanda zai iya ci gaba da shi. Littafin nan ba a yaga shi. Wata rana Ilham za ta girma, wani zai karanta mata.

Don haka zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba, ko Malama Hadijatu.

Ba ki ɓoye aikinki ba. Sau biyu a gabana kika ce wa Malam Ummaru ya zo ki nuna masa, yana cewa, “Ke dai ci gaba, Allah Ya bar mana ke.” Ba don in kunyata shi na faɗa ba, shi ma aiki ya yi masa yawa. A hutun watan Afrilu, da ciwon kan nan ya fara matsa maki, kika kira ni kika ce, “Rubutunki ya fi nawa kyau. Rubuta yadda ake canja wata, ɗaya bayan ɗaya, ki kai wa Malam Ummaru ya manna a bango. Rai ba a hannunmu yake ba.” Na rubuta ranar 12 ga Afrilu. Kika karanta, kika gyara mani wuri biyu da jan biro. Na sa hijabi na tafi. Da na iso, na tarar da maza shida zaune kan benci a ƙofar ofis suna hira, kuma sai na ratsa ta tsakiyarsu kafin in shiga. Na rage tafiya. Na wuce kamar ba nan zan je ba. Na kai har shagon da ke kwanar titi, na tsaya, na sayi magi na hamsin, na dawo gida ta bayan layi. Kika ce, “Kin kai?” Na ce, “Ban same shi ba.” Kika ce, “To, kya koma.”

Ban koma ba. Takardar tana cikin littafina na lissafi har yau, da jan bironki a jiki. Ƙarya na yi maki, kuma ita ce ƙarya ta ƙarshe da na yi maki, ban sami damar warware ta ba. Da takardar nan tana manne a bango, da tun ranar farko Malam Ummaru ya san akwai Uwa, da ya nemi a ba shi ita kafin a sa kwaɗo, da ba a kira ki mai ɓoye aiki ba. In dole sai an rubuta sunan wani a littafin taro, sunana Halimatussa'adiya Mannir.

Baba Badaru, ku yi haƙuri da na kira sunanku a bainar jama'a. Wallahi ba laftof nake so ba, ko an ba ni ba zan iya buɗe shi ban yi kuka ba. Abin da nake roƙo shi ne ku tambayi malam. In ya yarda, ku zo da makulli da shaidun nan biyu kafin Asabar, a buɗe ɗakin na minti goma sha biyar. A kwafe fayil goma a filas a gabanku, a mayar da laftof ɗin jakarsa, ku rufe da hannunku. Ba abin da zai ragu daga haƙƙin yara.

Alhaji Manu, ranku ya daɗe, ina roƙon kada a goge komai kuma kada a rubuta komai sai an ga abin da ke ciki. Waɗanda ke kwamfutar ofis sun riga sun lalace, a bar su. Na cikin laftof ɗin lafiyarsu ƙalau, bayanan Afrilu duka suna ciki. In aka rubuta ɗaya ga Afrilu a inda ya kamata, rahoton rassa tara bai fito daidai ba, to ku rubuta duk abin da kuka ga dama, ba zan sake magana ba.

Gwaggo, ki yafe mani. Na san ba a neman yafiyar wanda ya tafi ta takarda, amma ban san wata hanyar ba.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Turai, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta yi ya zama kankarar zunubi. Ka saka mata da alheri a kan kowane buhun taki da ya isa gona a kan lokaci ta dalilinta, da kowane layi da ta karanta wa wanda bai iya karatu ba, da shekara biyar da ta ciyar da ni ba ta taɓa goranta mani ba. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Basiru, wanda ya riƙe ni a gidansa har bayan ranta, da ƙannena Ilham da Nasiruddeen, Allah Ya raya su Ya yi masu albarka. Ina yi wa Baba Badaru da mahaifina da dukkan danginmu na Kusada ta'aziyya, da shugabanni da ma'aikatan gamayya, da Iya Tani da sauran mutanen rassa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Abu ɗaya ya rage. Takardar 12 ga Afrilu ba ta isa ba yanzu, domin na rubuta ta ne a lokacin da mai aikin tana raye, ana iya tambayarta abin da ba a gane ba. Malam Ummaru, in kun ba ni izini, zan sake rubuta ta cikakkiya, da inda kowane fayil yake zama, da wuraren da ba a rubutu a kansu, da abin da za a yi in an yi kuskure. Zan kawo ta ofis ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. In na tarar da mutane a kan benci, zan yi sallama in ce su ba ni hanya.